Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Madubin Likita: Yadda A Ke Binciken Nama Don Gane Sankara

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa da aka yi wa tiyata aka ciro masa ƙari daga jiki, ya san kwalbar nan da ma'aikatan asibiti su kan miƙo bayan an gama aiki, da ɗan nama a ciki cikin wani ruwa mai warin da ke sa ido hawaye. Sai a haɗa da takarda, a ce a kai ɗakin gwaji, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu a karɓi sakamako. Mutane da yawa su kan ɗauka wannan wata wahala ce kawai da ɓarnar kuɗi, tun da ya ke an riga an cire abin da ke damun majiyyaci. Wasu ma su kan tafi da kwalbar gida su binne, wasu kuma su ajiye ta sai ranar da suka sami kuɗin mota. Alhali kuwa abin da ke cikin kwalbar nan shi ne zai gaya wa likita ko ƙarin marar illa ne ko kuwa sankara ce, in kuma sankara ce, wace iri ce, kuma wane magani ne zai ci ta.

Hukuncin da likita zai yanke ya rataya ne a kan wani siririn falle da a ke yankowa daga naman, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, a rina shi, a duba shi da madubin likita, watau na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. Kafin fallen ya isa gaban madubi sai ya bi ta hannu da yawa da sinadarai iri iri. Babban hatsarin aikin shi ne, in an yi kuskure a wani mataki, sau da yawa ba ya nuna kansa. Sakamako zai fito a takarda fes, da sa hannu da hatimi, ba mai iya bambanta shi da na gaskiya. Saboda haka ne masana wannan fanni suka tsaya kan cewa shi kansa gwajin sai an gwada shi kafin a amince da abin da ya faɗa.

Darasin Yariman Jamus

Tun farkon wannan ilmi aka sami darasi mai ɗaci. Cikin shekarar 1858 wani shaihin malami na Jamus, Rudolf Virchow, ya wallafa littafinsa da ya kafa ra'ayin cewa jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina shi, cuta kuwa a cikin ƙwayoyin nan ta ke fara ɓarna. Daga nan likitoci suka soma neman asalin cuta a ƙarƙashin madubi.

A farkon shekarar 1887 sai muryar Yarima Frederick mai jiran gadon sarautar Jamus ta shaƙe. Likitocin ƙasar suka ga wani ƙari a maƙogwaronsa, suka ce sankara ce, a yi tiyata. Aka kirawo wani gwanin maƙogwaro daga Landan, Morell Mackenzie, shi kuwa ya ce a fara tsinko ɗan nama a duba tukuna. Ya tsinko, aka kai wa Virchow, ya duba, ya ce bai ga sankara a cikin abin da aka kawo masa ba. Aka fasa tiyata. Kafin ƙarshen shekarar ciwo ya bayyana a fili. Frederick ya hau gadon sarauta a watan Maris na 1888, ya rasu ran 15 ga Yuni, bayan kwana 99 kacal a kan mulki. Binciken gawa ya tabbatar da sankara.

Har yau a kan ba ɗaliban likita wannan labari domin su san cewa madubi ba ya iya nuna abin da ba a kawo gabansa ba. In ɗan naman da aka tsinko daga gefen ƙari ya fito, ko ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko an murje shi wajen tsinkowa, to, ko da malamin malamai ne ya duba, iyakarsa ya faɗi abin da ya gani.

Sa'a ta farko

Da zarar an raba nama da jiki, jini ya daina kai masa iska, sai ya soma cin kansa da kansa. Sinadaran da ke cikin ƙwayoyinsa su kan ɓalle su narkar da su, ƙwayoyin cuta kuma su taya su. A ƙasa mai zafi wannan ɓarna ta fi sauri, kamar yadda kowane mahauci ya sani. Aikin farko ke nan shi ne a tsai da naman a yadda ya ke, kuma ruwan da a ke yin haka da shi shi ne fomalin.

Wani likitan birnin Frankfurt, Ferdinand Blum, shi ya gano amfaninsa a shekarar 1893. Yana gwada shi ne a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri. Abin da fomalin ke yi shi ne ya ɗaure sinadaran gina jiki da ke cikin ƙwaya ɗaya da ɗaya, har su zama kamar raga, kowane abu ya tsaya a mazauninsa. A kan haɗa mudu ɗaya na fomalin mai ƙarfi da mudu tara na ruwa, a zuba wasu gishirai da za su hana shi yin tsami. In ba a zuba su ba, ya daɗe a ajiye, sai ya yi tsami, ya gamu da jini ya haifar da wasu baƙaƙen ɗigo a cikin nama, masu kama da ɗigon da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari. A ƙasar da zazzaɓin nan ya ke ruwan dare, wannan kaɗai ya isa ya rikitar da mai dubawa.

Akwai sharuɗɗa guda uku da ba a wasa da su. Na farko, yawan fomalin ya ninka girman nama aƙalla sau 10. Na biyu, a tuna cewa fomalin a hankali ya ke ratsa nama, misalin milimita ɗaya cikin sa'a guda, yana kuma ƙara nawa gwargwadon zurfin da ya yi. In an ciro mama ɗungurungum aka jefa a bokiti, bayanta zai kamu, amma tsakiyarta, inda ƙarin ya ke, za ta ruɓe kafin ruwan ya iso. Dole ne a tsattsaga ta falle falle, kowane da kaurin milimita 5 ko kusa da haka. Na uku shi ne lokaci. Ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka da ta likitocin binciken nama ta ƙasar sun ƙa'ide cewa naman sankarar mama ya shiga fomalin cikin sa'a ɗaya da ciro shi, ya zauna ciki daga sa'a 6 zuwa sa'a 72, kuma a rubuta lokacin ciro shi da lokacin saka shi. Ruwan gishirin ƙarin ruwa ba ya tsai da nama ko kaɗan. Daskarar da shi a firjin gida kuwa ƙanƙara ce za ta tsiro a cikin ƙwayoyin ta kekketa su.

Daga ruwa zuwa kaki

A ɗakin gwaji, likitan binciken nama ya kan fara da duba abin da aka kawo da ido, ya auna tsawo da nauyi, ya rubuta launinsa da taurinsa. Ya kan shafa tawada a gefunan da wuƙar tiyata ta bi, domin in an zo duba madubi a gane ko sankara ta kai har bakin yanka, alamar ke nan an bar saura a jiki. Sa'an nan ya zaɓi wuraren da suka kamata, ya yanko 'yan ƙananan gutsattsari masu kaurin milimita 3 zuwa 4, ya sa kowane a cikin ɗan akwatin roba mai huda huda, da lambar majiyyaci a jikinsa.

Nama ko ya sha fomalin bai yi taurin da za a yanka shi siriri sosai ba, sai an cika shi da kaki irin na kyandir. Matsalar ita ce yawancin nauyin nama ruwa ne, kaki da ruwa kuwa ba sa ga maciji. Don haka sai a bi da shi ta cikin tukwanen sifirit, a fara da mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a wuce zuwa mai 90 ko 95, a ƙare da tsantsa, har ruwan ya fice sarai. Shi ma sifirit ba ya haɗuwa da kaki, sai an kawo mai shiga tsakani, wani sinadari mai suna zailin, wanda ke jituwa da kowannensu. Zailin ya kori sifirit, sa'an nan narkakken kaki mai zafin digiri 56 zuwa 60 ya kori zailin, ya cika kowane lungu na naman. Wani Bajamushe, Edwin Klebs, ya soma wannan dabara ta kaki a shekarar 1869. A yau inji ne ke ɗaga kwandon yana tsomawa daga tukunya zuwa tukunya, yawanci dare guda cur.

Kowane mataki yana da nasa tarko. In sifirit ya tsufa ya sha ruwa ba a sake shi ba, nama zai fito da laushi a tsakiya ya ƙi yankuwa. In ya daɗe cikin zailin ko kaki ya yi zafi fiye da kima, sai ya bushe ya riƙa marmashewa. In wutar lantarki ta ɗauke tsakar dare, kaki ya daskare, ko kwando ya tsaya a sama nama ya sha iska, aikin majiyyata masu yawa zai ɓaci lokaci guda. Ƙashi kuma sai an fara cire masa tauri da ruwan asid ko wani sinadari mai sauƙi, kuma asid mai ƙarfi ya kan lalata wasu gwaje-gwajen da za a so yi daga baya.

Bayan haka sai a kwantar da naman a ɗan mazubi, a zuba kaki, a bari ya huce ya zama dunƙule. Yadda aka kwantar da shi yana da muhimmanci, gama fata ko bangon hanji sai an tsai da su a gefe kafin a ga hawa hawansu daga sama har ƙasa. Dunƙulen nan shi a ke ɗaurawa a injin yanka, wanda irinsa mai juyawa da hannu Charles Minot na Amurka ya ƙera cikin shekarun 1880. Kaurin falle ya kan zama maikiron 3 zuwa 5, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Watau daga milimita guda ana iya fitar da falle 250 masu maikiron 4. A kan shimfiɗa fallen a kan ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45 don ya miƙe, a ɗauko shi da ɗan gilashi. Ma'aikaci mai kula ba ya ɗora dunƙule na gaba sai ya share fuskar ruwan, domin ɗan ɓurɓushin sankarar wani yana iya yin iyo ya manne a gilashin mai lafiya.

Akwai hanyar gaggawa, wadda Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya bayyana a shekarar 1905. A kan daskarar da nama nan take da sanyi mai tsanani, a yanka a rina, a ba likitan tiyata amsa cikin mintoci kaɗan majiyyaci na kwance. Amma kyanta bai kai na hanyar kaki ba, shi ya sa a kan sake bin naman ta doguwar hanya a tabbatar.

Aikin marina

Fallen da ke kan gilashi ba shi da launi, kusan ba a ganin kome a cikinsa sai an rina shi. Da ya ke rinin a ruwa ya ke, sai a koma baya, a cire kaki da zailin, a cire zailin da sifirit, a mai da ruwa. Rini biyu ne ginshiƙin aikin a duniya duka. Na farko, hematoksilin, daga zuciyar wani itace a ke samunsa, wanda asalinsa yankin Kampeche ne a ƙasar Meziko, kuma masu rinin tufafi na Turai sun daɗe suna amfani da shi kafin likitoci. Shi kaɗai ba ya kama nama sosai, sai da Franz Böhmer ya haɗa shi da alif a shekarar 1865, alif ɗin nan dai da a ke tace ruwa da shi. Na biyu, iyosin, rini ne na masana'anta da aka ƙirƙiro a Jamus cikin shekarun 1870, kuma a cikin shekarun ne aka soma gama su biyu.

Hematoksilin ya kan kama cibiyar ƙwaya ya mai da ita shuɗiya, iyosin kuma ya rina sauran jikinta ja mai haske. Kamar yadda marini a Ƙofar Mata ya san tukunyar baba tana da ranar da ta ke kan ganiyarta da ranar da ta gaji, haka ma'aikacin ɗakin gwaji ya san rininsa na tsufa. Kowace safiya ya kan fara da rina fallen da ya riga ya san kamanninsa, in ya fito daidai sa'an nan ya ɗauko na majiyyata.

Da wannan launi biyu likita ke karanta nama. Ƙwayoyin sankara cibiyoyinsu manya ne, baƙaƙe, marasa tsari, ana ganin da yawansu suna cikin rabuwa biyu, sun kuma keta iyakokin da ƙwayoyin lafiya ba sa ketawa. Sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana daga Kampala ta ƙasar Uganda a shekarar 1958, a madubi ta kan yi kama da sararin sama mai taurari. In an bukaci ƙarin bayani, akwai rini na musamman. Kaluluwar wuya da ta kumbura tana iya zama sankara, tana kuma iya zama tarin fuka, maganinsu kuwa ya sha bamban. Rinin Ziehl da Neelsen na farkon shekarun 1880 ya kan nuna ƙwayoyin tarin fuka kamar 'yan jajayen sanduna, wani ɗan'uwansa kuma ya nuna na kuturta. Rinin Perls na shekarar 1867 yana mai da ƙarfen da ya taru a hanta shuɗi.

Rinin da ke zaɓar magani

Babban sauyi ya zo ne da aka koyi yin rini da sinadaran garkuwar jiki, waɗanda kowannensu abu ɗaya tak ya ke nema ya kama, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Albert Coons na Amurka ya fara maƙala musu launi a shekarar 1941. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da su iri ɗaya da yawa a Kambirij ta Ingila, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 1984. Saura matsala guda: ragar nan da fomalin ke saƙawa ta kan lulluɓe wurin da mabuɗin zai shiga. A 1991 Shan-Rong Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa in an dafa fallen cikin ruwan da ya dace, wurin ya kan buɗe.

A sankarar mama wannan rini shi ke zaɓa wa mace magani. Wasu ƙari suna da makama a cibiyar ƙwayoyinsu da ke karɓar sinadarin mata mai suna istirojin, da shi su ke girma. In rini ya nuna makamar, ko da a kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne, a kan ba mace tamoksifen ko makamancinsa, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5 ko fiye. Magani ne mai araha, kuma an tabbatar yana rage mutuwa daga cutar da misalin kashi ɗaya cikin uku. Wasu ƙari kuma suna da wani sinadari mai suna HER2 da ya yi musu yawa, wanda Dennis Slamon ya nuna a 1987 cewa alama ce ta muguwar sankara. Maganinsa, tirastuzumab, an amince da shi a Amurka a 1998. Yana da tsada ƙwarai, yana kuma iya raunana zuciya. To, in gwaji ya ce babu alhali akwai, an hana mace maganin da zai cece ta. In ya ce akwai alhali babu, dangi za su sayar da gona da shanu a kan maganin da ba zai amfane ta ba.

Zakaran gwajin dafi

Maharban dā ba su kan fita da kibiya ba sai sun gwada dafinta a jikin zakara, in ya faɗi sun san dafi ya yi. Ɗakin gwaji ma yana da nasa zakara. A gefen kowane gilashi a kan ɗora wani ɗan falle da aka riga aka san yana da abin da a ke nema, a rina su tare. In wannan bai kama launi ba, laifin na rini ne, sai a sake aiki. Akwai kuma shaida ta cikin gida. Ƙwayoyin lafiya na hanyoyin nono da ke kewaye da ƙari suna da makamar istirojin, wasu daga cikinsu dole su rinu. In su ma sun fito fari fat, likita mai hankali ba zai rubuta cewa ƙarin ba shi da makama ba, zai ce naman ne bai tsayu daidai ba.

Kafin ma a soma amfani da sabon gwaji, sai ɗakin gwaji ya tabbatar da ingancinsa da hannun ma'aikatansa da injinansa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin binciken nama ta Amurka ta fitar a 2014, ta kuma sabunta a 2024, ta ce a gwada shi a kan aƙalla nama 10 da aka san suna da abin da 10 da aka san ba su da shi. In gwaji ne mai zaɓar magani, adadin ya koma 20 da 20. Sakamakon ya dace da abin da aka riga aka sani aƙalla kashi 90 cikin 100. In an sake inji, ko kamfanin da ke kawo sinadari, ko irin ruwan tsai da nama, sai a sake tabbatarwa. Bugu da ƙari, akwai hukumomi irin su UK NEQAS ta Ingila da NordiQC ta Denmak, masu aika wa ɗakunan gwaji falle su rina su mayar, a ba su maki. Ba banza aka yi wannan tsanani ba. Ƙungiyoyin nan biyu na Amurka sun kiyasta a 2007 cewa misalin kashi 20 cikin 100 na gwajin HER2 na lokacin yana iya zama kuskure, a 2010 kuma suka faɗi kusan haka game da gwajin makamar istirojin.

Abin da ya auku a Kanada

A lardin Newfoundland na ƙasar Kanada aka ga abin da sakaci da wannan ke haifarwa. A shekarar 2005 aka sake gwada naman wata mata a birnin St. John's da aka ce ba ta da makama, sai ga shi tana da ita. Aka kwaso tsofaffin dunƙulen kaki tun daga 1997, aka aika da su asibitin Mount Sinai na Toronto. Daga cikin majiyyata fiye da 1,000 da aka sake gwadawa, kusan 400 sakamakonsu na farko kuskure ne, kuma fiye da 100 daga cikinsu sun riga sun rasu kafin a soma sauraron shaidu.

Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi. Tun a 2003 wani likitan binciken nama ɗan asalin Nijeriya da ke aiki a can, Dokta Gershon Ejeckam, ya dakatar da gwajin na 'yan makonni, ya kuma rubuta wa shugabanni cewa rinin ba abin dogara ba ne. Ba a koma an duba sakamakon baya ba a lokacin. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Margaret Cameron ya miƙa rahotonsa a watan Maris na 2009, da shawarwari 60. Ya sami nama da ba a tsai da shi daidai ba, da rashin rubutacciyar ƙa'idar aiki, da rashin lura da shaidar cikin gida. Wannan kuwa ƙasa ce mai arziki da wutar lantarki ba yankewa.

Ina Nijeriya ta tsaya?

Binciken nama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun a shekarar 1960 aka kafa rajistar sankara a asibitin koyarwa na Ibadan, manyan asibitocin koyarwa kamar na Zariya da Kano da Legas da Enugu kuma suna da sassan wannan aiki. Amma majiyyata da yawa a ƙananan asibitoci a ke yi musu tiyata, kwalba kuwa sai ta yi doguwar tafiya a mota cikin rana.

An daɗe ana cewa sankarar mama ta matan Afirka yawancinta ba ta da makamar istirojin. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan nama daga Nijeriya da Senegal ya sami makamar a misalin kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Amma wani da Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa suka wallafa daga Ibadan a 2008, inda aka kula da yadda a ke tsai da nama, ya same ta a kusan kashi biyu cikin uku. Da aka tattara binciken nahiyar duka a 2014, sai aka ga tsofaffin dunƙulen ajiya sun fi nuna babu, a kan naman da aka tanada tun farko domin gwajin. Ma'anar wannan ita ce, wani sashe na bambancin da a ke jingina wa jinsi, daga kwalba ya ke fitowa, kuma akwai matan da tamoksifen zai amfana da a ke iya sallama hannu rabbana.

Gyaran bai bukaci sabon gini ba. Fomalin mai kyau ya kasance a ɗakin tiyata kafin a soma aiki, da mazubi mai faɗin baki da ya isa. Likita ya tsaga babban ƙari nan take, ya rubuta lokaci, ya cika takarda da shekarun majiyyaci da wurin da aka ciro naman. Hukumomin asibiti su tanadi wutar da ba ta yankewa ga injin sarrafa nama, su kuma biya kuɗin shiga tsarin auna inganci na waje.

Su ma dangi suna da nasu rabo. In an miƙa musu kwalba, su duba ruwa ya rufe nama sarai, sunan majiyyaci na jiki, su kai ta ranar ko kashegari, kada su zubar da ruwan don wari, kada kuma su sa ta a ƙanƙara. Su koma su karɓi sakamako ko da majiyyaci ya ji sauƙi, su kai wa likitan da ya yi aiki. Dunƙulen kaki ya kan zauna a ajiye shekara 10 ko fiye, saboda haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sakamako ba, yana iya neman a aika da shi wani ɗakin gwaji a sake dubawa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.